Yadda na koyi karbar kudin aikina a Texas bayan dala 14,300 sun tafi

Ni aikin tayil nake yi a Houston, shekarata ta bakwai kenan, ina da yara hudu da muke aiki tare, ni ke biyansu duk ranar Juma'a ko an biya ni ko ba a biya ni ba. Ina so in ba yan uwa masu aikin hannu a nan Amurka labarin abinda ya same ni, don wallahi har yanzu in na tuna raina baci yake.

A watan Fabrairun 2022 muka gama shimfida tayil a wani gidan abinci, kicin da bandakuna da wajen cin abincin gaba daya. Ba mai ginin ne ya dauke ni ba, dan kwangila ne ya dauko ni, kuma mun taba aiki da shi sau biyu ya biya lafiya lau shi yasa ban kawo komai a raina ba. Ragowar kudina dala 14,300. Na kira yace mai gini bai sake masa kudi ba, in kara sati biyu. Sati biyu ya zama wata, azumi ya shigo nace bari dai a sha ruwa, bayan sallah na kira yace cek din yana kan tebur, daga nan kuma sai ya daina daukar waya kwata kwata. Ni kuma irin tarbiyyarmu, kunya nake ji in tsallake mutumin da ya ba ni aiki in je wajen mai gini, gani nake kamar tona masa asiri ne.

Sai a watan Agusta wani dattijo a masallacinmu, mai aikin wayarin wuta, ya ji labarin. Yace "yaro ka saka liyen?" Nace Baba menene kuma liyen. Ya rike baki, yace gobe gobe in je in ga lauya.

Liyen din nan hakki ne da doka ta ba duk wanda ya zuba gumi ko kaya a gini. In ba a biya ka ba sai ka je ofishin rajistar gunduma ka rubuta bashinka a kan ginin shi kansa, ya manne a jikin takardun fili, mai shi zai sha wuya kafin ya sayar ko banki ya ba shi rance har sai an warware. In abin ya yi tsanani kotu na iya sa a sayar da ginin a biya ka. Tsohuwar doka ce, tun 1791 jihar Maryland ta fara ta lokacin da ake son magina su zo su gina birnin Washington. A Texas babi na 53 na dokar kadarori ne ke maganarta.

Lauyar bata ma tsaya jin dogon labarina ba, kalanda ta jawo. Tace yaushe ka gama aiki, nace Fabrairu. Ta dora biro tana kirgawa, Maris, Afrilu, Mayu. Tace tunda ba kai da mai gini kuka kulla ba, dole ka aika masa sanarwa shi da dan kwangilar kafin 15 ga wata na uku, wato 15 ga Mayu, sannan ka shigar da takardar rantsuwa ta liyen din kafin 15 ga wata na hudu, 15 ga Yuni. Duk sun wuce. Na tambaya ko akwai afuwa tunda ban sani ba, ta girgiza kai kawai. Abinda ya rage in yi karar dan kwangilar a karamar kotu, wadda ke sauraren kara har ta dala 20,000, to amma kamfanin nasa ya riga ya rufe, ko na ci shari'a wa zan kama. Ranar a mota na zauna kusan awa daya ban tada ta ba. Kudin da muka tara na hayar sabon gida da shi na biya yarana da mai sayar da siminti.

Daga nan na sayi kalandar bango babba, duk aikin da na shiga ina zagaye ranar 15 da jan biro. Kuma ku lura, kowane wata da nasa lissafin, in ka yi aiki Maris da Afrilu to kudin Maris sanarwarsa 15 ga Yuni ce, na Afrilu 15 ga Yuli, ba wai ka jira sai an gama aikin duka ba. In kuma gidan zama ne lokacin ya fi haka gajarta da wata daya, kuma gidan da mutum ke ciki da iyalinsa yana da nasa sharudda masu tsauri, sai kwangila a rubuce kafin a fara aiki, miji da mata duk sun sa hannu.

A 2023 abin ya so maimaita kansa, wasu shaguna ne a jere, dala 22,000 suka makale. Wannan karon ban jira ba. Na cike takardar sanarwa, na tura ta gidan waya da irin wasikar da ake ba ka rasit da lambar bin sawu, daya ga mai gini daya ga dan kwangila. Kwana uku sai ga waya, fada yake kamar zai fito ta cikin wayar, wai na kunyata shi. Gabana ya fadi ba zan boye ba, amma nace masa oga ba fada nake da kai ba, doka ce ta sa rana, in ka biya takardar ta mutu. Ashe abinda ya tada masa hankali shi ne da zarar sanarwar ta isa, mai gini yana da ikon rike kudin da zai ba shi daidai abinda nake bi. Da na ga bai biya ba sai na yi rantsuwa gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu a takardu, na shigar a ofishin magatakardan gundumar Harris, na aika wa mai gini kwafi cikin kwana biyar kamar yadda aka ce. Sati uku aka kira ni in zo in karbi cek.

A nan ma saura kadan in fada wani ramin. Sakatariyar ta miko min takarda tace sa hannu nan, cek din yana hannunta na hagu. Na tsaya na karanta, ashe takardar yafe hakki ce marar sharadi, wadda ke cewa an riga an biya ni. In na sa hannu cek ya dawo babu kudi, shikenan na saki reshe. Nace a ba ni mai sharadi, wadda ba ta aiki sai kudi sun shiga asusu. Ta bata rai amma ta dauko. Kuma kar wani ya kara ko sisi a kan abinda yake bi don haushi, liyen na karya laifi ne, ana iya cin tarar mutum dala 10,000 ko fiye.

Aikin gwamnati kuma daban yake, wannan bara na koye shi a wata makarantar firamare. Ba a saka liyen a kan ginin gwamnati, ba wanda zai sayar da makaranta don ya biya ka. Shi yasa doka ta tilasta wa babban dan kwangila ya ajiye lamunin biya daga kamfanin inshora kafin ya fara, shi ake kira bond. In bai biya ka ba kamfanin kake bi. Tun ranar farko na nemi kwafin takardar don in san sunan kamfanin da adireshinsu, da kudi suka yi jinkiri na tura sanarwa gare su da dan kwangilar hade da lissafin da na yi rantsuwa a kai, ita ma kafin 15 ga wata na uku bayan watan da aka yi aikin. Sai kwana 60 sun wuce da tura sanarwar kake iya zuwa kotu, mu bamu kai nan ba. In aikin na gwamnatin tarayya ne kuma dokar Miller ta 1935 ce ke aiki, wanda bai da kwangila kai tsaye da babban dan kwangila kwana 90 gare shi na tura sanarwa daga ranar karshe da ya yi aiki, kara kuma cikin shekara daya.

Kowace jiha da nata, wani abokina a Kalifoniya yace su tun cikin kwana 20 da fara aiki ake tura sanarwar farko, saboda haka kar ka dauki ranakun Texas ka kai wani gari. Yanzu kafin mu sauke ko kwali daya na tayil sai na samu sunan mai fili na gaskiya da adireshinsa da bayanin filin yadda yake a rajista. Makon jiya wani yaro dan Zinder mai fenti ya zo min da irin maganar nan ta "ya ce in kara sati biyu", aikin Yuli ne, muka zauna a bayan motata muka cike masa takardar a daren.