Kwaɗin Mustapha Alassane da Gizona

Shekara biyu na yi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a cikin kwamfuta, ko minti ɗaya ban fitar ba. Uzurina kullum guda ne: sai na samu na'ura mai ƙarfi, wadda za ta zana mini Gizo da ƙafafu takwas da gashi kamar za ka taɓa. Ranar da na kai wa malaminmu na kwas ɗin haɗa fim wannan koke, bai ko ɗago kai ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, ka taɓa ganin kwaɗin Mustapha Alassane?" Na ce, "A'a, Malam." Ya ce in je in gani, sannan in dawo da kukana.

Alassane mai shirya fina-finai ne ɗan Nijar, an haife shi a 1942, ya rasu a Wagadugu a 2015. Bakanike ne tun farko. Yana yaro yake yanka kwali ya haska fitila, inuwa ta riƙa motsi, mutane su taru su kalla. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fina-finan al'adu, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin fina-finan zane mai motsi. Ƙarshen rayuwarsa a Tawa ya zauna, yana aikinsa a gefe, nesa da manyan kamfanoni.

Kwaɗin da Malam ke nufi suna cikin Bon Voyage Sim na 1966, ɗan gajeren fim na 'yan mintuna. Zane ne na hannu, baƙi da fari, layi ɗaya-ɗaya kamar na ɗan firamare. Kwaɗo ne shugaban ƙasa, ya tafi ziyarar aiki, ga fareti, ga jerin gwano, ga kumbura wuya. Na yi dariya har na ji kunyar kaina. Shekara shida kacal da samun 'yancin Nijar, mutum ya zauna da alƙalami ya faɗi abin da ba mai iya faɗa a rediyo, kuma wa zai kai ƙarar kwaɗo? Nan na gane dalilin da kakanninmu suka ɗora wa Gizo da Kura halayen mutane. Ni kuwa ina ta fama da gashin ƙafa.

Abin da ya fi daɗe mini a rai shi ne fim ɗin Toula, wanda Alassane ya yi da Anna Soehring a farkon shekarun 1970, daga labarin da marubucin Nijar Boubou Hama ya rubuta. Fari ya addabi gari, aka ce ruwa ba zai zo ba sai an sadaukar da budurwa, kuma budurwar jinin sarki ce. Tsohon labari ne, amma lokacin da aka yi fim ɗin fari na cin yankin Sahel da gaske, dabbobi na mutuwa, mutane na gudun yunwa. Wanda ya kalla a lokacin ba almara ya gani ba, rijiyar ƙofar gidansa ya gani. Sai na tambayi kaina: tatsuniyar da na zaɓa, me ya haɗa ta da wannan shekarar? Amsar ba ta yi mini daɗi ba. Na zaɓe ta ne don ta fi saukin zanawa. Na ajiye ta, na ɗauko wadda Gizo ke ɓoye abinci ya bar Ƙoƙi da yara da yunwa, don a unguwarmu ba sai an yi wa kowa bayanin wannan ba.

Sauran ayyukansa kuwa, abin da ke hannunsa da shi yake yi. Zoben sarki Koda, labarin Zabarmawa na masunci da azzalumin sarki, da mutane ya ɗauke shi a 1962. Samba le Grand na 1977 da 'yan tsana. Bai tsaya jiran kowa ba.

Akwai kuma wani darasi da ban koya a wajen Alassane kai tsaye ba, sai a wajen gwaggona, ko da yake shi ya tura ni. Na lura ya taɓa sa sunan mai ba da labari, Albarka, a cikin sunan fim ɗinsa Deela. Wato mai bakin ba abin yarwa ba ne. Ni kuwa na rubuta wa Gizo magana tsaf, kamar mai karanta labarai. Da na karanta wa Gwaggo, ta tsuke baki ta ce, "Ɗan nan, wannan ba Gizo ba ne. Ina tsamin bakin?" Gaskiyarta. Gizo ba a ƙafa ake gane shi ba, a harshe ne.

Na naɗi muryarta da waya bayan isha'i, don ta ƙi yi da rana. Na yanka kwalin sabulu, na ɗaure waya a kan kujera, wata uku ina matsar da Gizo kaɗan-kaɗan ina ɗauka. Minti huɗu ya fito. Na haska shi a bangon tsakar gida, da muryar ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa wa bango, "Ta zo mu ji ta."

Gwaggo ta kalla har ƙarshe, ta ce ba laifi, amma na yanke mata ƙurunƙus, kuma sai na mayar.