Lokacin Kaka a Ontariyo: Itace, Kwalaben Tuffa da Ranar Godiya

Ƙanina yana zaune da iyalinsa a bayan garin Guelph, a lardin Ontariyo na Kanada, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Toronto. Shi ya matsa sai dai in je a farkon Oktoba, wai in na bari sanyi ya kankama ba abin da zan gani sai bangon ɗaki. Tafiyar jirgi ba ta da wani labari. Mai niyyar zuwa dai kada ya ɗauki kilishi ko dambun nama, an hana shiga da nama, kuma duk abin ci da ke jaka a bayyana shi. Na bayyana kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, aka bar mini su. Amma jami'in da ya duba kayan ya ɗaga ƙullin daddawar da yatsu biyu yana yamutsa fuska, yana ɗaga mini murya sai ka ce da kurma yake magana. Bincike aikinsa ne, ban ƙi ba, wulaƙanci dai babu shi a cikin doka.

Tun daga kan babbar hanya na ga abin da ake ta zuzutawa. Itatuwa sun rine, wasu rawaya, wasu ruwan goro, ita kuwa mepul, wadda ganyenta ke kan tutar ƙasar, ja jawur. In rana ta gajarta dare ya yi sanyi, bishiya tana daina yin koren ganye, sai rawayar da ke ƙarƙashi ta bayyana, wasu kuma su yi sabon launi ja, daga nan ganyen ya zube. Kyau kam akwai shi. Sai dai ga mai gida wannan ganye aiki ne. Ana tattara shi a manyan buhunan takarda motar shara ta kwashe, ba a cinna masa wuta a ƙofar gida yadda muke yi. Sannan a kafa tsani a kwashe wanda ya taru a indararo, don in ya toshe, ruwa zai kwanta ya daskare ya koma ta ƙarƙashin rufi.

Asabar ɗin farko ƙanina bai zauna ba. Ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya rufe makunnin famfon waje daga ciki, ya fita ya cire tiyo, ya buɗe famfon ruwan da ya rage ya tsiyaye. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya tsaga bututu cikin bango, kuma ba za a sani ba sai ƙanƙara ta narke gida ya cika da ruwa. Ya canza matatar injin ɗumama gida, wadda yake sauyawa duk wata uku. Ya kira makanike ya kama layin sa tayoyin sanyi, domin in yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 robar taya ta yau da kullum tana sandarewa ta daina kama titi. Ɗumin gida a digiri 21 yake bari da rana, 18 da dare. Na ce masa a ƙara mana. Ya ce, "Yaya, ga bargo nan biyu, ki bari sai kin ga takardar kuɗin gas." Iskar injin nan busasshiya ce ƙwarai, tana fasa leɓe da dunduniya, mai zuwa ya riƙe man kaɗanya.

Gidan da ya fi tsaya mini a rai shi ne na maƙwabtansu, wani dattijo Bature tsohon manomi da matarsa. Su da itace suke ɗumama falo, a murhun ƙarfe mai ƙofar gilashi. Dattijon ya zagaya da ni bayan gida inda ya jera itacensa, an ɗaga shi daga ƙasa a kan katako, an rufe samansa kawai, gefe a buɗe iska na ratsawa. Da kod suke auna itace: tsibi mai tsawon ƙafa 8, faɗi 4, tsayi 4. Akwai kuma ƙaramin awo na jeri ɗaya, wanda yawanci sulusin wancan ne, shi ma sunansa kod, kuma nan ake cutar baƙo. Ya ce kafin ka biya ka tambayi wanne ake nufi. Ya ɗauko faskare ɗaya ya sake tsaga shi, ya soka wata 'yar na'ura mai allura biyu a sabuwar fuskar, ta nuna 17. Ƙa'ida ita ce danshin itace ya gaza kashi 20 cikin ɗari. Yawancin itace yana buƙatar shekara guda bayan an faskara shi, masu tauri sosai shekara biyu. Ɗanyen itace ba ya ba da zafi, sai tsuwa da hayaƙi, kuma hayaƙin yana manna wani baƙin kwalta a cikin bututu, wanda wata rana zai kama wuta ya cinye rufi. Shi ya sa kowace shekara ake kiran mai share bututu kafin a hura wutar farko. Itacensa kusan duk ash ne, saboda wani ƙwaro da aka fara gani a kudancin lardin a 2002 ya kashe itatuwan ash masu ɗimbin yawa, kuma saboda ƙwaron ake hana ɗaukar itacen wuta daga yanki zuwa yanki.

Hurin wutarsa ma a juye yake da namu. Manyan faskare a ƙasa, matsakaita a kai, ƙirare da takarda a can sama, sai ya kunna daga sama wuta ta ci ta gangaro. Bututu yana saurin ɗaukar zafi ya ja iska, hayaƙi ba ya dawowa ɗaki. Toka kuwa a bokitin ƙarfe mai murfi yake zubawa, ya ajiye a waje nesa da bango, don garwashi yana iya kwana biyu ko uku da rai a cikinta.

A bakin ɗakunan kwana na gidajen biyu akwai wata 'yar farar na'ura. Tana ƙara ne in iskar kabon monoksaid ta taru, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke fita daga duk abin da ke ƙonewa in iska ba ta ishe shi ba. Dokar lardin ta wajabta ta a duk gidan da ke ƙona gas ko itace. Na daɗe tsaye a gabanta. A gida, kowane hunturu sai mun ji an kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, ko an tayar da janareta a zaure, gari ya waye gida guda ba wanda ya tashi. Ciwon kai da jiri da kasala su ne alamun farko, mai barci kuwa ba ya jin su.

Ranar Alhamis muka je kasuwar manoma ta St. Jacobs kusa da Waterloo, inda Kiristocin Menonait ke zuwa da keken doki, matansu da dogayen riguna da 'yan huluna. Wannan ce kaɗai kasuwar da na ji kamar ina gida, ga ihun masu kaya, ga tsibin kabewa da dankali da albasa. Ba a ciniki a kanti, amma nan in an kusa tashi farashi yana sauka da kansa. Matar ƙanina ta nemi tuffa mai tabo, wadda ake warewa gefe don ba ta da kyan gani, ta saye kwando guda da rahusa sosai. Kanti kuwa ya ba ni haushi. Kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je wurin biya a ɗora harajin kashi 13, in ban da ɗanyen abinci. A gidan cin abinci kuma a ƙara kashi 15 zuwa 20 na mai kawo faranti, kuma wai ba dole ba ne, amma kowa ya san dole ne. Madara a leda ake sayar da ita, lita 4 a ƙulli uku, a zura ɗaya cikin jug a yanke kusurwa da almakashi.

Washegari tsohuwar maƙwabciya ta shigo da katuwar tukunya da kwalabe ta koya mana adana tuffar. Ana feraye ta a cire ƙwallo, a dafa da ruwa kaɗan har ta narke, a dama. Kusan kilo ɗaya da rabi ke cika kwalbar lita ɗaya. A zuba cokali ɗaya babba na ruwan lemon tsami a kowace kwalba, a cika ta da zafinta a bar ratar santimita ɗaya da ɗan wani abu a sama, a goge bakin tas, a ɗora sabon murfi, a ɗaure ba da ƙarfi ba. Sai a nitsa kwalaben a tafasasshen ruwa ya rufe su da kamar yatsu biyu, minti 20, ita tana ƙara biyar saboda yankinsu ya ɗan haura mita 300 daga teku. A fito da su a bar su kwana guda ba a taɓa ba. Suna hucewa za ka ji murafen suna ƙas, ƙas, ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka danna tsakiyarsa ya motsa bai kama ba, firiji za a sa shi a cinye cikin mako. Yawanci ɗan ɗigon tuffa a bakin kwalba ne ke jawo haka, ko maimaita tsohon murfi. Na tambaye ta ko kabewa ma haka ake yi, ta girgiza kai da ƙarfi. Markaɗaɗɗiyar kabewa ba ta da tsami, kuma kaurinta yana hana zafi ratsa tsakiya, ƙwayar cuta mai dafi tana iya rayuwa a ciki. Ita sai dai firiza.

Ranar Godiya a Kanada Litinin ta biyu ce ta Oktoba, haka aka tsayar tun 1957, ta riga ta Amurka da ke zuwa Alhamis ta huɗu a Nuwamba. Maƙwabtan ne suka gayyace mu, kuma tsohuwar ta yi abin da ba zan manta ba. Da kanta ta je shagon halal ta yi odar talo-talo tun da wuri, ta yi ɓawon kek ɗin kabewa da man shanu maimakon kitsen alade da wasu ke sawa, ta kuma nuna mini kwalbar ruwan tuffa ta ce wannan ba mai giya ba ne. Mai zuwa irin wannan gayyata ya tambayi abubuwan nan uku, ba sa jin haushi. Talo-talon kilo 6 ne. Kwana uku ya yi yana narkewa a firiji, an shafe shi da gishiri tun jajibere, ya yi awa uku da rabi a obin a digiri 165, ba a cire shi ba sai da ma'auni ya nuna 82 a cinya, sannan aka bar shi ya huta rabin awa kafin a yanka, in ba haka ba romon ya tsiyaye a faranti. Duk da wannan hidima naman ƙirjin lami ne, sai da na fito da yaji. Dattijon ya ɗanɗana ya yi ta tari, ya kuma miƙo faranti a ƙara.

Mu kuma muka kai miyar taushe da tuwon shinkafa. Manyan kabewar da suke jerawa a ƙofar gida don ado ba sa miya, ruwa ne zalla. Mai dogon wuya mai launin ƙasa ita ce ke da gari da zaƙi. Babu yakuwa, sai matar ƙanina ta jefa kiranberi, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami, cikin tafin hannu ɗaya, tsaminsu ya tsaya daidai, ta sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar sukari. Tukunyar ba ta kwana ba.

Kafin a fara ci dattijon ya yi addu'arsa, muka yi bisimillarmu, sai ya ce kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode a kai bana. Shi ya gode da gwiwarsa da aka yi wa aiki ta warke har ya faskara itace da kansa. Tsohuwar ta gode da tumatir da ya yi kyau. Autar ƙanina ta ce ta gode da sababbin takalman ruwa da kuma zuwan Gwaggo. Da aka zo kan ƙanina sai ya ce alhamdu lillahi, sannan ya juya ya gode wa matarsa a kan tashin asuba da take yi ta shirya yara, ta kai su bakin motar makaranta cikin duhu da sanyi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Mu ba mu da ƙarancin godiya, bakinmu ba ya rabuwa da alhamdu lillahi da sannu da aiki, kuma mun san hadisin da ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Amma magidanci ya ambaci takamaiman aikin da matarsa ta yi, a gaban 'ya'yansa, ya ce ya gode, wannan kunya ta hana mu, kuma a ganina ba kunyar da ta dace a riƙe ba ce.

Ba duk ɗabi'unsu ne suka yi mini ba. Yara suna kiran dattijon nan da sunansa gatsau, shi kuma yana amsawa. Ba a zuwa gidan mutum sai an yi waya an sa rana da awa, ko da katanga ɗaya ce tsakani. Gaisuwa kalma biyu ce an wuce, ba wanda zai tambaye ka gajiya ko mutanen gida. Wata maƙwabciya ta yi jinya ta warke ba wanda ya sani a layin. Amma suna cire takalmi a bakin ƙofa, suna riƙe wa na baya ƙofa, kuma a makon Godiya akwai akwati a bakin kantuna da ake zuba abincin gwangwani don mabuƙata, na ga yana cika.

Sauran yawon a gurguje aka yi. Mun bi hanya mai lamba 60 cikin gandun Algonquin, jan mepul ya riga ya zube, sai rawaya, kuma a wannan lokaci sai an sayi takardar shiga ta intanet tun kafin a taso. Nayagara, inda kogi ke faɗowa daga kan dutse, ruwa ne mai ban tsoro, kuɗin ajiye mota ma haka. Toronto cunkoso.

Tsaraba na sayo ruwan zaƙin mepul da na'urorin kabon monoksaid ɗin nan guda huɗu na rabawa. Mai son saye ya zaɓi mai batir, domin masu shiga soket na wutar 120 ne, tamu 230 za ta ƙona su. A bayan kowace akwai ranar da za ta daina aiki, yawanci shekara bakwai zuwa goma, kuma kusa da ɗakin kwana ake kafa ta, ba a kicin ba.