Taƙi, Kamu da Gaba: Abin da 'Yan Aji Huɗu Suka Koya Mini

Shekarar da na fara koyarwa aka ba ni aji huɗu, yara maƙil, allo ɗaya, rula kuwa babu ko ta rantsuwa. Da muka zo darasin awo sai na yi yadda aka yi mana: na rubuta cewa santimita 100 ne mita 1, suka yi ta rerawa kamar karatun allo. Bayan kwana uku na nuna ƙofar aji na ce, "Tsayinta nawa ne?" Wata yarinya ta ce santimita biyar. Wani ya ce kilomita ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, domin ba wanda ya san abin dariya aka faɗa. Jikina ya yi sanyi.

A ƙofar gida na samo dabara. Maƙwabcinmu ya kira mai haƙar rijiya, ina jin su suna ciniki kan gaba nawa za a yi, wato awon hannuwa biyu a ware, kafin a tarar da ruwa. Nan na tuna kakata tana auna zane da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ashe Bahaushe da ma'auninsa yake yawo: taƙi (buɗin yatsun hannu), kamu, gaba, taku. Mai sayen wando a gwanjo ma zagaya ƙugun yake yi a wuyansa, don faɗin ƙugu yakan kusa ninka na wuya. Iyayenmu kuma da hannu aka ɗauke su makaranta: ka ɗora shi bisa kai, in ya taɓa kunne ka isa shiga aji ɗaya.

Washegari na ce kowa ya auna bencinsa da taƙi. Aji ya kaure. Wannan ya ce goma sha biyu, na kusa da shi ya rantse goma ne, ni da na sa nawa hannun na samu takwas. Na zuba musu ido suka yi musu son ransu, har wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, ai hannunka ya fi namu, ba a yi adalci ba." Abin da nake jira ke nan. Sai a lokacin na zaro tef ɗin da na aro wajen tela, na ba su labarin yadda mutanen Faransa suka gaji da irin wannan rigima, kowane gari da nasa awo, suka tsayar da mita a 1795. Mita ta zama alƙali, ba waƙa ba.

Tef ɗin ma sai da ya ba mu aiki, don fuska biyu gare shi. Rabin aji suka karanta inci, rabi santimita, aka sake ɓarkewa. Ta nan suka san inci 1 santimita 2.54 ne, yadin da ake yanka musu na kayan sallah kuma inci 36 ne, bai cika mita ba. Wata ta ce ta san irin tef ɗin, a asibiti an naɗa wa ƙaninta mai launi a damtse. Gaskiyarta: ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, alamar yaro na buƙatar kulawar gaggawa.

Sai kuma na tafka kuskure. Na auna tsayin kowa, na jera a allo daga dogo zuwa gajere, wai in koya musu jeranta lambobi. Kafin a tashi, yaron da ya zo ƙarshe ya samu sabon suna. Kwana biyu bai zo ba. Da na je gidansu mahaifiyarsa ba ta ɗaga murya ba, ta ce kawai, "Malam, karatu muka kawo shi." Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Benci ba ya jin haushi in an ce gajere ne, yaro yana ji.

Daga nan na daina gwada yaro da yaro, sai dai yaro da kansa. Mata su auna mata, maza su auna maza, kowa ya rubuta a littafinsa. Ka ware hannuwa a auna faɗinsu, wato gaba, a auna tsayinka, ka ɗebe ƙarami daga babba. Mamaki ya kama su da suka ga lambobin biyu kusan ɗaya ne, ga dogo ga gajere. Suka ɗora tafin ƙafa a kan hannu, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, shi ma ya yi kusan daidai. Suka ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, suka ninka sau 4 don su samu na minti ɗaya.

Yaron nan da ya dawo, faɗin hannuwansa ya ɗara tsayinsa da santimita uku. Ya sake aunawa har sau biyu, sannan ya zo teburina yana riƙe da tef, ya ce, "Malam, tashi mu ga naka."