Godiya bayan baje kolin zane-zanena a Argungu

Alhamdulillahi, an yi taro an watse lafiya. An sauke zane-zanen daga bango, mun share zauren mun mayar wa masu shi da makullinsu. Saƙonnin da suka taru a wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga gara in yi godiyar a nan kowa ya gani.

Zan fara da waɗanda suka ba ni aron kayansu, don ba don su ba da babu abin da za a rataya. Ni mai zanen kayan da ke ajiye ne: ƙwarya, tulu, akushi, faifai, albasa, goro a ganyensa. Sai na ajiye abu a gabana nake iya zana shi, ba na ɗauka daga hoton waya, domin waya tana kashe inuwa ta kuma yi wa kala ƙarya. Saboda haka na zama maroƙin kaya a unguwa. Inna ta ba ni akushin da ta zo da shi gidan Baba, da sharaɗin kada mai ya taɓa shi. Gwaggo ta ba ni ƙwaryarta ta dama fura, wadda ta tsage aka ɗinke ta da zare, kuma ɗinkin nan ne ya fi jan mutane a zauren. Kawuna masunci ya haƙura da homarsa da gorarsa suna jingine a ɗakin aikina alhali yana da buƙatarsu. Allah ya saka muku da alheri.

Mutane da yawa sun tambaye ni: ɗan Argungu, ga homa ga gora, ina kifin? Gaskiya ne, garin da bikin kamun kifinsa ya samo asali tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ana sa ran a ga giwan ruwa a bango. Amma tun ina koyon aikin nan na kai wa malaminmu na zaure tambaya a kan zane, ya karanta min abin da aka ruwaito daga Ibn Abbas, cewa in dole sai mutum ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. A kan haka na tsaya, ban kuma taɓa jin an ƙuntata min ba. Malam, na gode da ka tako da kanka, ka daɗe a gaban zanen allo da tawada, har ka ce a gyara zaman alƙalamin don ba haka almajiri ke ajiye shi ba.

Irin wannan gyaran shi ne abin da ya fi min daɗi a taron nan gaba ɗaya. Abokaina da suka karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun zo, sun yi magana a kan haske da tsari, na kuma ƙaru da su. Amma alƙalan gaskiya su ne masu amfani da kayan. Wata tsohuwa mai sayar da kayan miya ta tsaya gaban zanen albasa, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa kyallen, ta juyo ta ce, "Ɗana, wagga albasa ta Aliero ta, kuma ta kwana biyu a rumbu." Ta gane ne daga ɓawon da ya bushe ya fara ɗagawa, da ɗan tsiron da ya leƙo a kai. Wannan ɓawon ba a samun sa da shafa ɗaya. Sai an shimfiɗa fenti siriri, a bari ya sha iska, a sake shimfiɗa wani a kansa, ja a kan ruwan ƙasa, shunayya a kan ja, har haske ya riƙa ratsawa yana dawowa. Tsiron kuwa ba ni na ƙirƙira shi ba, albasar ce ta gaji da jirana ta tsira. Inna mai kayan miya, ban san sunanki ba, amma in wani ya karanta miki wannan, ki sani kin biya ni.

Sai mutanen gida. Fenti mai mai ba ya bushewa kamar na ruwa, iska yake sha a hankali, wani kalar ya yi kwanaki yana danƙo. Ga shi yawancin aikin a cikin hunturu aka yi shi, lokacin da ƙura ke shiga ko ta ramin makulli, kuma duk ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Uwargida ce ta ɗinka labule mai kauri, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma mai laima, ta hana yara shara a tsakar gida sai an yayyafa ruwa. Ta jure warin kananzir da nake wanke buroshi da shi. Ta jure ganin tattasai da attaruhun da ya kamata su shiga tukunya suna yamushewa a kan tebur don wai ban gama da su ba. Taga ɗaya nake buɗewa, ta arewa, saboda haskenta ba ya yawo kamar na gabas da yamma, wato ɗakin da zafi da duhu, amma kullum sai ta aiko da kunu. Allah ya bar mu tare.

Kafintan da ya haɗa firam-firam, na gode, musamman da ka yarda ka sake na babban zanen tulu ba tare da ƙarin kuɗi ba. Direban da ya ɗauko mana kyalle da fenti daga Kano, da matasan unguwa da suka yi dakon zane-zanen a hannu don kada su gogu a mota, da maƙwabcin da ya kawo janaretonsa ranar buɗewa da wuta ta ɗauke ana tsakiyar addu'a, duk ina sane da ku. Haka ma'aikatan gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, inda na sha zama ina kallon tsofaffin kaya: na gode da haƙurinku da mutumin da ke tsayawa gaban abu ɗaya har a tashi aiki.

Malaman makarantun da suka kawo ɗalibai, kun yi abin kirki. Yaran sun fi manya tambaya, kuma tambayarsu ba kunya: nawa ne fentin, ana cin abinci da wannan sana'ar? Amsar ita ce ana ci, amma da haɗawa da rubuta allunan shaguna. Wanda ke son koyo a cikinsu ya zo da izinin iyayensa ranar Asabar da hantsi, da fensir da takarda kawai. Da kofin shayi za mu fara.

Waɗanda suka sayi zane, Allah ya sa albarka a dukiyarku, ga kuma roƙona. Kada a rataya shi inda rana ke dukansa ko kusa da hayaƙin murhu, kada kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, busasshen buroshi mai laushi ya isa. Sababbin cikinsu ban shafa musu banish ba tukuna, wato man da ake shafawa a ƙarshe don ya kare zane, sai fentin ya yi kamar wata 6 ya bushe har ciki. In lokacin ya yi zan bi ku gida-gida in shafa, ba sai kun biya komai ba. Zanen ƙwaryar Gwaggo kuma a daina tayawa, ta riga ta ce nata ne.