Ɓera ba ya tsufa don kwantiraginka ya kusa ƙarewa

Ranar da na kama aiki a lab ɗin da nake yanzu, ogata ta sauka da ni ɗakin ɓeraye da ke ƙasan bene, ta nuna min wasu kejina a jere ta ce waɗannan naka ne, watansu 3 da haihuwa, ainihin aikin sai sun kai wata 20 zuwa 24. Nan take na yi lissafi a raina, kwantiragina na shekara 2 ne, wato lokacin da ɓerayen nan za su zama tsofaffi ni saura min 'yan watanni in haɗa kayana. Gabana ya faɗi wallahi. Na tambaye ta ko babu hanyar da za a hanzarta abin, ta ce babu, tsufa muke nazari, sai mun jira shi ya zo.

A cikin duk abin da na koya a wannan fanni, wannan ne ya fi zauna min: cutar da muke bi, wato cutar mantuwa ta Alzheimer, tana tafiya ne da shekaru goma-goma, mu kuma masu bin ta ana auna mu da shekara biyu-biyu. Ɓeran lab yakan yi shekara 2 zuwa 3 a duniya, shi ma ke nan an samu sauƙi, don a jikin ɗan Adam furotin ɗin nan da ake kira amiloid yana fara taruwa a ƙwaƙwalwa shekara 15 ko 20 kafin mutum ya fara mantuwa. To ka ga wanda yake son ya bi mutane daga farkon abin har ƙarshe, kusan rabin rayuwar aikinsa ce zai zuba a tambaya ɗaya.

Ni kakata ce ta jawo ni nan. Muna yara ta fara abin da ake ce wa gigin tsufa, ta yi sallar la'asar ta idar ta sake tashi ta ce ba ta yi ba, ta kira Baba da sunan yayanta da ya rasu tun kafin a haife mu, da magariba kuma ta ɗau mayafi ta ce za ta tafi gida alhali tana cikin ɗakinta. Wasu suka ce tsufa ne kawai, wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, babu wanda ya ce cuta ce mai suna, ni ma sai da na shiga jami'a na ga hoton ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer a aji sannan na gane abin da muka zauna da shi shekara da shekaru. Har gobe in na tuna yadda muke yi mata dariya muna yara sai in ji babu daɗi.

Hanyar aikin kuma ga yadda take ga wanda bai sani ba. Ka yi digiri na farko, ka yi mastas, ka yi digirin dakta shekara 4 ko fiye, sannan ka shiga abin da ake kira fosdok, wato ka zama dakta amma kana aiki ƙarƙashin wani farfesa a kan kwantiragi na shekara 2 ko 3, in ya ƙare ka nemi wani, sau da yawa a wani gari ko ma wata ƙasa, da iyali da komai. Wasu su yi biyu wasu uku kafin su samu kujerar dindindin, da yawa kuma ba sa samu, sai su koma kamfanonin magani ko koyarwa, kuma ni ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Abin da ake dubawa a ba ka kujera shi ne takardun da ka wallafa da kuɗin bincike da ka iya jawowa. Ɓeranka kuwa bai san wannan ba, cin abincinsa yake yana tsufa a hankali.

A watannin jiran nan na shiga karanta tarihin mutanen da suka riga mu, ba don jarrabawa ba, don in samu abin riƙewa. Shi kansa Alois Alzheimer, likitan Jamus da aka sa wa cutar sunansa, ya fara ganin marar lafiyarsa Auguste Deter a Farankfot a 1901, ya jira har ta rasu a 1906 kafin ya duba ƙwaƙwalwarta, da ya gabatar da abin da ya gani a taron likitoci a Tubingen a shekarar, ko tambaya ɗaya ba a yi masa ba. Stanley Prusiner kuwa, wani likitan Amurka, wata marar lafiyarsa ce ta rasu da wata cutar ƙwaƙwalwa mai saurin kisa a 1972 a San Faransisko, ya shekara 10 yana bin abin da ke haddasa ta, a 1982 ya fito ya ce furotin ne zalla yake yaɗa cutar, ya sa masa suna firiyon, aka yi masa ca a ka. Kafin nan ma an yanke masa wani babban tallafi, jami'arsa ta ce ba za ta tabbatar da shi a kujera ba sai daga baya aka sauya shawara. Kyautar Nobel ta zo a 1997, shekara 25 bayan rasuwar matar.

Amma wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai shi ne Solomon Carter Fuller. An haife shi a Monrobiya ta Laberiya a 1872, kakansa bawa ne a Amurka da ya fanshi kansa ya koma Afirka. Fuller ya yi karatun likita a Boston, a 1904 yana cikin baƙi biyar da aka ɗauka su yi aiki da Alzheimer a Munik, ya koma Amurka ya ci gaba da yanka ƙwaƙwalwa yana dubawa, a 1912 ya wallafa cikakken nazari na farko a Turanci kan cutar. Mutumin nan ya riƙe sashen nazarin jijiyoyi na Jami'ar Boston shekara 5 a matsayin riƙon ƙwarya, da aka zo naɗa shugaba a 1933 sai aka tsallake shi aka ɗauko wani farar fata da yake ƙasa da shi, shi kuma ya ajiye aiki. Na kawo shi ne don kar a ce duk mai haƙuri sai ya ga sakayya a wurin aiki, ba haka ba ne, Prusiner ya gani Fuller bai gani ba, kuma aikin Fuller bai ragu da komai ba saboda haka. Na yi shekaru ina karatun cutar nan kafin wani malami ya ambaci sunansa a gabana, wannan ma abin dubawa ne.

Akwai masu dabarar rage jira, wannan ma darasi ne. Wata mai binciken tsufa a Amurka, Cynthia Kenyon, ta zaɓi wata 'yar mitsitsiyar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, wadda ke rayuwa sati 2 zuwa 3, a 1993 ta nuna cewa sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak yana ninka tsawon ranta. Da zan sake farawa da na haɗa aikin ɓera da wani ƙaramin aiki mai saurin ba da amsa irin wannan, kuma abin da nake faɗa wa duk ɗalibin da ya tambaye ni ke nan.

To ɓerayena dai suka tsufa, gashinsu ya yi furfura-furfura, wasu suka mutu a hanya kamar yadda aka saba. Muka yi gwajin tunawa, muka yanka ƙwaƙwalwa muka rina, na kwana ƙirga tabon amiloid a gaban kwamfuta, sakamako ya fito: babu wani bambanci tsakanin waɗanda muka ba sinadarin da muke gwadawa da waɗanda ba mu ba ba. Kusan shekara 2. A nan ne na san irin jarrabawar da ke cikin aikin nan, don akwai ɓeraye biyu da in na cire su daga lissafi abin zai ɗan karkata inda muke so, kuma dalilin cirewa ba ya wuyar samu in mutum ya nema, ga kwantiragi na ƙarewa ga haya ga mutanen gida suna jira. Na yi kwana uku ina juya abin. Wani dattijo mai kula da ɗakin ɓerayen, wanda ya fi shekara 30 a wurin kuma ba dakta ba ne, shi na fara gaya wa, ya buɗe littafinsa ya nuna min cewa ɓerayen nan biyu lafiyarsu ƙalau tun ranar da aka haife su, nauyinsu da cin abincinsu duk a rubuce, ya ce in ka cire su me za ka rubuta a matsayin dalili? Ban cire ba. Na kai wa ogata yadda yake, ta yi shiru ta ce to haka za mu rubuta shi.

Ba da jimawa ba kafin wannan fanninmu ya ga inda ɗayar hanyar ke kaiwa. Wata takarda da ta fito a mujallar Nature a 2006 kan wani nau'in amiloid, wadda aka ambata fiye da sau 2,000, a 2022 aka bankaɗo cewa an jirkita hotunan cikinta, a 2024 aka janye ta. Ba ita kaɗai ce ginshiƙin nazarin amiloid ba kamar yadda wasu suka yi ta yayatawa, amma ni abin da nake tunawa shi ne ɗaliban da suka ɓata shekarunsu suna ƙoƙarin maimaita abin ya ƙi, suna zargin hannunsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai dai a wannan fanni shekara 16 aka yi kafin a kai ƙarshensa, kuma a tsakanin nan wasu sun bar aikin gaba ɗaya.

Umma takan tambaye ni a waya, “To yaushe za ku samo maganin?” Ina gaya mata gaskiya, akwai wanda Amurka ta amince da shi a 2023, lekanemab, yana rage saurin lalacewar da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, ba ya warkarwa, da ya fito ƙarin ruwa ne duk sati 2, sai ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa saboda yana iya kawo kumburi ko zubar jini, kuɗinsa a 2023 dala 26,500 ne a shekara. Sai ta ce Allah ya kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, mafi yawan bincike kuma a kan Turawa aka yi shi.

Shi ya sa aikin Ibadan yake burge ni. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a Indiyanapolis ta Amurka da ma'auni iri ɗaya, gida-gida. Osuntokun ya rasu a 1995 bai ga babban sakamakon ba, Farfesa Adesola Ogunniyi da abokan aiki suka ci gaba, a 2001 aka wallafa cewa sababbin masu kamuwa da cutar mantuwa a shekara kashi 1.35 cikin 100 ne a Ibadan, 3.24 a Indiyanapolis, kuma ƙwayar gadon APOE4 da ke ƙara haɗari sosai a Turawa ba ta nuna irin wannan ƙarfin a Yarabawa ba. A Arewa ma an fara, Dakta Mahmoud Bukar Maina da ke nazarin tau, wani furotin da shi ma yake da hannu a cutar, a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu a 2021. Ina bin labarinsu sosai, don ni ma can zuciyata take, duk da na san firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili ba ta san an ɗauke wuta ba, aikin shekara 5 yana iya narkewa a dare ɗaya.

Takardarmu ta babu-bambanci mujallu biyu sun mayar da ita, ta uku ta karɓa. An ƙara min shekara 1. Satin da ya wuce aka kawo sababbin ɓeraye 'yan wata 2, na san ba ni zan yanka su ba, don haka na sayi littafi irin na dattijon nan, kowane keji na ba shi shafinsa, ranar haihuwa da nauyi da abin da aka ba shi, da rubutu manya-manya yadda wanda zai zo bayana zai iya karantawa.