Ni da Bf 109 da ƙululunsa biyu

Mako uku ke nan ina haɗa ɗan samfurin roba na jirgin yaƙin Jamus, Messerschmitt Bf 109, kuma ƙafafunsa sun ishe ni. Sau biyu ina manna su, sau biyu suna karkacewa. Na huce da na tuna matuƙansa ma haka suka sha fama: tayoyin a matse suke kusa da juna, jirage da yawa sun lalace wajen tashi da sauka tun ba a harbe su ba.

Nawa samfurin G-6 ne, cikin dangin da ake kira Gustav. A gaban ɗakin matuƙi akwai ƙululu biyu kamar an buga masa sanda a goshi. Bindigogi masu milimita 13 aka cusa masa, wuri ya yi kaɗan, sai aka kumbura murfin. Muni dai ya yi muni, amma ni shi na fi so. Friedrich, wato samfurin F na Bf 109, ya fi shi kyan ƙira, wannan ba gardama. Emil kuwa, wato samfurin E, shi ya yi artabu da Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya, a samaniyar Ingila a 1940, injin Emil ɗin ba ya shaƙewa in matuƙi ya kifa hanci ƙasa kwatsam.

An ƙera jiragen Bf 109 kusan 34,000 gaba ɗaya. Abin da ya ba ni dariya, na farkon da ya tashi a 1935 injin Rolls-Royce na Ingila ne a cikinsa, waɗanda Sifaniya ta ƙera bayan yaƙi ma wasunsu sun koma kan Rolls-Royce ɗin.

Gobe zan shafa fenti, in tayar hagu ta yarda ta tsaya.