Fijon Baba da fentin da na yi sau biyu

Shekara goma sha ɗaya Fijon mahaifinmu ta yi a rumfar kwanon ƙofar gida bayan rasuwarsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yara na wasan direba a ciki. 504 ce, ƙirar 1984, daga cikin waɗanda aka haɗa a kamfanin Fijo na Kaduna, wato PAN, wanda ya fara aiki a 1975. Ranar da na ce zan tayar da ita, kawuna ya dube ni ya ce, "Allah Ya ba da sa'a, amma ka fara leƙa ƙasanta." Ban leƙa ba. Kai da ka gaji tsohuwar mota ko kake shirin sayen wata, zauna ka ji abin da rashin leƙawar ya jawo mini.

Fenti na fara yi. Ina so unguwa ta ga ana aiki, ina so in ɗauki hoto. Na kira mai fenti, ya shafe duk inda ya lotsa da fila, ya fesa fari tas, har maƙwabta suka zo taya murna. Damina ɗaya ta wuce, sai ga ƙuraje sun ɓullo a gindin ƙofofi da bakin tayoyin baya. Da na ɗaga kafet ɗin wajen direba, na danna da sukundireba, sai ta shige har ƙasa. Tsatsa ba ta mutuwa don an rufe ta. Tana ci gaba da cin ƙarfe a ƙarƙashin fila, a ɓoye. Dole mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe, wutar waldar kuma ta ƙone fentin da na biya. Da a ce na fara cire kujeru da kafet, na duba ƙasan but inda ruwa ke kwanciya, da sau ɗaya zan biya mai fenti, kuma shi ne zai zo ƙarshe.

Sai zancen kwancewa. A rana biyu na warware rabin motar, duk noti da ƙusa na zuba a bokiti ɗaya, ina ganin ai zan tuna. Wata takwas bayan nan, ina tsugune gaban bokitin nan kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ga waya a aljihuna, amma ban ɗauki hoton komai ba kafin in cire. Ledar ƙulla sikari da biro sun isa su hana wannan wahala: kayan kowane wuri a ledarsu, a rubuta sunan wurin, wayoyin wuta kuma a liƙa wa kowace takarda.

Babbar ɓarnar a inji na yi ta, kuma ita ce har yau take mini ciwo. Injin 504 mai silinda huɗu ba kamar na yawancin motocin da samarin yanzu suka sani ba ne. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin bulok aka huda su ba. Kowane silif ne daban da ake zurawa, ruwan sanyaya inji na zagaye shi kai tsaye, a gindinsa kuma akwai siririn abin toshewa da ke raba ruwa da baƙin mai. Kan injin ne ke danne su. Ni kuwa da na cire kan don in canja gasket, sai na sa sifana na juya injin, wai in ga ko fistin na motsi. Sun motsa, suka ɗago silif biyu tare da su. Ban lura ba, na mayar da komai na ɗaure. Motar ta tashi, na yi ta murna, bayan kwana uku na zaro sandar duba mai na ga ya koma kamar shayi da madara. Wani tsohon bakanike da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan Fijo ya zo, bai ko taɓa injin ba ya ce, "Yaro, ka juya shi babu kai, ko?" Ashe da manyan zobban ƙarfe (washa) da ƙusoshi ake danne silif ɗin kafin a taɓa komai. Shi ne kuma ya nuna mini cewa Fijo daga ɓangaren giya take ƙirga silinda ta ɗaya, abin da ya sa na yi ta rikita wayoyin fulogi. Da na je na gaishe shi tun farko, da kuɗin goro kawai zan kashe. Irin waɗannan dattawa suna nan a kasuwannin Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, inda har yanzu ake samun kayan 504, sai dai kullum raguwa suke yi.

Abu ɗaya ba na wasa da shi: kada ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti. Nawa ya tsage ina tsaye a gefe, na fito ke nan ɗauko sifana. A nemi matokaran ƙarfe ko katako mai kauri.

Birki ma na so in bar shi zuwa ƙarshe, tunda feda tana da tauri. Dattijon ya hana. Man birki yana shan danshi, robobin da suka shekara goma a zaune kuwa sun riga sun bushe, ranar da ka taka da ƙarfi ranar za su fashe. Muka canja su duka, muka sauke tankin fetur muka wanke, don tsatsarsa ce ke toshe kafireto.

Aikin da na yi wa lissafin wata shida ya ci shekara uku. Yanzu kowace Juma'a da ita nake kai kawu masallaci. Yana shiga yakan buga ƙafarsa a wajen da aka yi waldar, ya ji ko ƙarfe ne, sannan ya rufe ƙofa.